Zuwa ga telolin Adjamé Liberté, a kan maganin ɗiga wa ido

'Yan'uwana teloli, na shago da masu surfani da masu yawo da keke a kafaɗa, waɗanda mutanen Abijan ke kira toclo-toclo.

Maigidana ne ya sa na ɗauki alƙalami, wanda ya koya mini zira zare a allura. Bara likita ya auna shi, ya ce yana da hawan jinin ido, wato gilakoma, ya rubuta masa maganin ɗigawa. Kwana goma ya yi, ya jefa kwalbar cikin kwandon ƙyallaye. Da na yi masa magana sai ya ce: "Yaro, da ƙafata na je asibiti, idona fari tas. Yanzu ga ja, ga ƙaiƙayi, ga hazo ina tsakiyar aska takwas. Ciwon ne ke cuta ta ko maganin?"

Ban ga laifin tambayarsa ba, don nan tarkon yake. Gilakoma sanɗa take yi. Ruwan cikin ido ne ke matse jijiyar gani, ta soma ci daga gefe, ba zafi ba ja. Tsakiyar gani, wadda da ita ake ganin kafar allura, ita ke tafiya ƙarshe, saboda haka tela na iya shekaru yana ɗinki tsaf alhali ciwon ya yi nisa. Yanar ido ana cire ta gani ya dawo, wannan kuwa abin da ta ci ya tafi ke nan. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano ta a mutum 5 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama, kuma galibinsu ba su san suna da ita ba.

Ku karanta sunan da ke jikin kwalba, don kowane magani da halinsa. Latanoprost sau ɗaya ake ɗiga shi, da dare. Yakan sa ido ja a makonnin farko, yakan tsawaita gashin ido, ya ƙara wa fatar gefen ido duhu. Jan yakan lafa, sauran kuma ba sa hana aiki. Ku ɗiga bayan kun rufe shago. In ƙaratowar Salla ce, ana kwana kan keke, ku ɗiga ku ba shi ɗan lokaci hazon ya washe kafin ku sa almakashi a shaddar mutane. Kwalbar da ba a buɗe ba firij take so, wadda aka buɗe kuma kada ta kwana kusa da dutsen guga. Dorzolamide yana da raɗaɗi da ɗaci a maƙogwaro, brimonidine yakan kawo barci da bushewar baki. Waɗannan na haƙuri ne, a faɗa wa likita ranar komawa.

Timolol ne ba a yi masa kawaici. Ɗigo ɗaya ne a ido, amma yana bin hanyar hawaye ya sauka hanci, ya shiga jini, ya rage bugun zuciya, ya ƙuntata numfashi. Mai fuka ko ciwon zuciya ya faɗi tun kafin a rubuta masa. Wanda ya soma shi ya ji ƙirji ya matse, ko jiri na neman ka da shi, kada ya jira gobe, kada ya ƙara ɗigo: ya nemi likita ranar. Akwai sashen ido a babban asibitin CHU na Treichville, tsallaka gada ne kawai.

Akwai dabarar da ke rage rabin wahalar nan, kyauta. Ɗigo ɗaya tak, ido ba ya riƙe biyu. Ka rufe idon, ka danna lungunsa na wajen hanci da ɗan yatsa minti 2. Magani ya tsaya inda ake son sa, ɗaci bai sauka maƙogwaro ba. Masu tsoron azuminsu, wannan ta yi musu rana, sauran bayani kuma na malamai ne. In magani biyu ne, a sa minti 5 tsakaninsu.

Sai Roxy, kasuwar maganin kan titi. Na san ta fi kusa, ta fi araha, ba layi, ba takardar likita. Za a miƙo maka kwalbar da ke kashe ja cikin kwana biyu, irin wadda ake rububi lokacin ciwon ido na apolo. Da yawansu na ɗauke da dexamethasone ko danginsa, kuma wannan yana ɗaga matsin ido ga mutane da yawa in aka daɗe ana ɗigawa. Ido ya yi fari, kai kana murna, ciwon na ƙara gudu. Ban da cewa ba wanda ya san kwana nawa kwalbar ta yi a rana bisa tire. Ni dai ban ga arahar da ke cikin wannan ciniki ba.

Maigida ya koma wajen likita bayan wata 7, da kwalbar a aljihu kamar yadda na roƙe shi. Likita ya saurari ƙorafinsa, ya canza masa wani. Gefen idon hagu ya riga ya ragu, sai ya juya kai yake ganin mai shigowa shago. Surfani dai yana yi. Ni ma an auna ni ranar, an ce in dawo baɗi.

Wassalam.
Ɗan'uwanku a sana'a.