Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga 'Yan Majalisar Tsibirin Man

Masu girma 'yan majalisar Tinwal,

Ni baƙo ne mazaunin Duglas, ina biyan haraji, ina biyan haya. A kan aikin taswirar kabon da ke kwance a ƙasar tsibirin nan nake son magana, kuma ku yi haƙuri idan muryata ta ɗan yi sama.

Aikin kansa ba ni da ja a kansa. Dokarku ta sauyin yanayi ta 2021 ta ce nan da 2050 hayaƙin da tsibirin ke fitarwa da wanda yake shanyewa su tashi daidai, wato lissafi ya koma sifili. Ba a lissafi sai an san abin da ke hannu. Duk wanda ya taɓa hawa tuddan da ke kewaye da dutsen Snaefell ya san baƙin taɓon nan da ke ƙarƙashin gansakuka: ka taka ya lotsa, ruwa mai kalar shayi ya cika sawunka. Ruɓaɓɓun tsirrai ne da ruwa ya hana su gama ruɓewa. Masu awo kan soka dogon sanda har ya taɓo tsandauri, su rubuta zurfin, su matsa gaba, don hoton tauraron ɗan adam ba ya gaya maka zurfi. Irin wannan taɓo bai wuce kashi 3 cikin 100 na doron ƙasa ba, amma kabon da ya riƙe ya fi na dukan dazuzzukan duniya. Madalla da masu wannan wahala.

Tsorona shi ne abin da za a yi da taswirar bayan an gama ta. Taɓon nan kaurinsa na ƙaruwa da kimanin milimita 1 ne a shekara, ke nan mita guda aikin shekara 1,000 ne. Hatsin da kakanni suka bari a rumbu ba girbin bana ba ne. Adadin da taswira za ta nuna tsohuwar ajiya ce, abin da ƙasa ke ƙarawa duk shekara kuwa ɗan kaɗan ne, inda aka haƙa magudanai aka tsane taɓon ma fitar da kabon yake yi. Amma na san halin siyasa: da zarar babban adadi ya fito, za a ɗauke shi a yi ado da shi, a ce ai tuddai sun ɗauke mana nauyi.

Ba su ɗauke ba, ku zo gidan da nake haya ku gani. Tsohon ginin dutse ne, da tankin kananzir a bayansa, da tukunyar ɗumama ɗaki wadda ta kwana biyu a duniya. Daga Nuwamba zuwa Maris kullum da safe sai na goge raɓa a jikin taga. Fumfuna ta yi baƙi ƙirin a bayan kabad, har rigar da nake zuwa masallacin Juma'a da ita ta ɗauki wari. In na kunna tukunyar, zafin ya bi ta rufi da tsagar ƙofa ya fice, na ƙona kuɗina na ɗumama titi. Na yi wa mai gidan magana a kan toshe rufin, ya ce to, har yau to ɗin ce. Ba na ganin laifinsa shi kaɗai: shi zai biya aikin, ni zan ga sauƙin, me zai motsa shi in doka ba ta motsa shi ba? Kun hana sa irin wannan tukunya a sabbin gine-gine daga Janairun 2025, mun gode. To mu da ke cikin tsofaffin fa? Layinmu kaf haka yake, da sanyin asuba kowane gida na tururin abin da ya ƙona. Wutar lantarkin ma akasarinta daga iskar gas ake samo ta a tashar Pulrose. Wace gansakuka ce za ta shanye wannan kafin 2030, shekarar da kuka ce za ku rage hayaƙin da kashi 35 cikin 100?

Wani lokaci sai in ji kamar an fi son aikin da ke can kan tudu ne domin tudu ba ya jefa ƙuri'a, ba ya kuma ƙorafi. Allah ya sa zato ne kawai. Tsibiri ne mai mutane kimanin 84,000, wanda UNESCO ta karrama shi baki ɗaya a 2016 saboda muhallinsa. In nan bai iya ba, ina zai iya?

Roƙona kaɗan ne. A raba lissafin gida biyu a fili, abin da ke ajiye daban, abin da ke shiga ko fita duk shekara daban. A fara da toshe magudanan da ke tsane taɓon, kuma kada a dasa itatuwa a kansa don cika alƙaluma, saiwarsu busar da shi take yi. Makiyayan tumaki da ke kan tuddan su ga taswirar gonakinsu kafin a yanke musu hukunci da ita. Sannan a kafa wa gidajen haya mafi ƙarancin ma'auni na riƙe ɗumi, da ranar da zai fara aiki, da tallafi ga mai gidan da ba shi da hali.



Naku,
Wani ɗan haya a Duglas