Hanya, Ƙuri'a Da Aikin Yi A Ƙasar Ƙaraye Da Rogo

Kusan kullum Gwamnatin Jihar Kano tana ba da sanarwa a rediyo da jaridu game da ayyukan da ta sa gaba: an ba da kwangilar hanya kaza, an ware kuɗi kaza domin koya wa samari sana'a, ana kuma kiran jama'a su je su yanki katin zaɓe. Wannan abu ne mai kyau, domin hukumar da ke gaya wa talakawanta abin da take ciki ta fi wadda ke aiki a ɓoye. Amma fa gani ya kori ji. Mu a namu ra'ayi, waɗannan abubuwa uku, watau hanya da ƙuri'a da aikin yi, igiya ɗaya ce ta ɗaure su, kuma babu inda wannan ya fi bayyana kamar ƙasar Ƙaraye da Rogo, can yammacin jihar.

Ƙasar nan Allah ya yi mata arziki. Ana noma masara da dawa da rake da tumatir, ga kuma dabbobi. Rogo ta yi iyaka da Jihar Kaduna da Jihar Katsina, saboda haka 'yan kasuwarta suna hulɗa da Maƙarfi da Danja kamar yadda suke yi da birnin Kano. A ƙasar Ƙaraye ne aka datse kogin Calawa, aka gama babbar madatsar a 1992, ga kuma madatsar Kusalla, inda ake da sansanin horar da masu yi wa ƙasa hidima na Jihar Kano. Ƙananan Hukumomin biyu wakili ɗaya suke aikawa Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma dokar da aka yi a watan Yuli na 2024 ta haɗa su a Masarautar Ƙaraye. To, in ƙasa mai irin wannan albarka ta zama samarinta sai sun tafi cin rani kafin su sami na kashewa, lalle akwai abin dubawa.

Mu fara da hanya. A zamanin mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, aka ɓullo da shirin yin titi mai tsawon kilomita 5 a kowace Ƙaramar Hukuma daga cikin 44 ɗin da ke jihar. A wurare da yawa aikin ya tsaya shekara da shekaru ba a gama ba, har Gwamna Abba Kabir Yusuf ya hau mulki a 2023 ya yi alkawarin kammalawa. Muna fata a cika alkawarin nan ko'ina. Duk da haka ya kamata a tuna cewa titin cikin gari ado ne ga hedkwata, amma abincin yana ƙauye. Manomin Zoza ko Fulatan ko Yammedi abin da ya dame shi shi ne ƙoramar da ke raba shi da kasuwa in damina ta yi nisa. Kwandon tumatir ba ya jiran a gyara gada. In ya kwana biyu a bakin hanya ya zama na awaki. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau ƙwarai, kuma direba yakan ƙara kuɗi a kan mummunar hanya domin ya san abin da makaniki zai karɓa. Wannan ƙari daga aljihun manomi yake fita.

Sai maganar ƙuri'a. Dattawa sun san yadda aka sha wuya kafin a samu wannan haƙƙi. A zaɓen tarayya na 1959 maza kaɗai ne suka yi zaɓe a Arewa, mata kuwa sai a 1976 suka sami dama. Yau ga haƙƙi a hannun kowa, amma mutane ba su fita kamar yadda ya kamata. A zaɓen Shugaban Ƙasa na 2023, cikin kowane mutum 100 da suka yi rajista a Nijeriya ko 30 ba su jefa ƙuri'a ba. A lokacin Jihar Kano tana da masu rajista kusan miliyan 6, amma waɗanda suka fito a ranar ba su kai miliyan 2 ba. Wasu za su ce mutane sun gaji da alkawari ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma akwai wani dalili da ba a cika faɗa ba. Hukumar zaɓe ta INEC ta ƙara yawan rumfunan zaɓe a 2021 daga 119,974 zuwa 176,846, abin a yaba. Sai dai yankan kati da karɓarsa galibi a ofishinta na hedkwatar Ƙaramar Hukuma ake yi. Matar da ke Gwangwan ko Beli sai ta biya kuɗin babur zuwa Rogo ta yi rajista, ta dawo, ta sake biya ta koma karɓa, wataƙila kuma a ce mata ba a kawo ba. Wanda ke neman na tuwon dare ba zai yi wannan tafiya sau uku ba. A watan Janairu na 2023 an sauko da rabon katin zuwa mazaɓu na 'yan kwanaki. Muna roƙo a mai da wannan al'ada, a kuma fara da wuri, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mun san rajista aikin hukumar tarayya ne. Amma hanyar da mai zaɓe zai bi, da ajin makarantar da za a kafa akwati a ciki, suna wuyan jiha da Ƙaramar Hukuma. Kuma da wannan rajistar ce hukumar zaɓe ta jiha ta yi zaɓen Ƙananan Hukumomi a watan Oktoba na 2024.

Na uku shi ne kuɗin da ake warewa domin marasa aikin yi. Gwamnatin Tarayya ta fara shirin N-Power a 2016, ta dakatar da shi a 2023. Jiha kuma tana da makarantun koyon sana'a, tana kuma raba jari lokaci lokaci. Ba mu rena wannan ba. Amma kuɗin da aka raba a taro a cikin ambulan yakan ƙare kafin sati ya zagayo. Shawararmu ita ce a haɗa wannan kuɗi da gyaran hanyoyin ƙauye. A zamanin En'e akwai leburorin hanya, kowane rukuni da nasa yanki, suna cike ramuka suna yashe lambatu kafin ruwa ya sauka. Ba aikin tilas muke nufi ba, wannan ya wuce, Allah kada ya maimaita. Muna nufin a ɗauki samarin kowace mazaɓa da albashi sananne, ba tare da an tambayi jam'iyyar ubansu ba. Haka kuma ruwan Calawa da ke wucewa ta gabansu zuwa Kano da kwarin Haɗeja, ya dace a taimaka musu da injin ban ruwa da iri da taki su ci moriyarsa da rani. Saurayin da ke da fadama da hanyar fitar da kayansa ba ya sayar da ƙuri'arsa, ba ya kuma ɗaukar gora ranar zaɓe.

A ranar 11 ga Yuli, 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan Ƙananan Hukumomi kasonsu kai tsaye. Ko ta wace hanya kuɗin ya iso, talaka yana da haƙƙin sanin inda ya shiga. Saboda haka muna ba da shawara a riƙa liƙa takarda da Hausa a ƙofar sakatariyar Ƙaraye da ta Rogo, da ƙofar gidan kowane Hakimi, a rubuta sunan hanya da tsawonta, da sunan ɗan kwangila, da kuɗin da aka biya shi, da ranar da ya yi alkawarin gamawa. Haka ma sunayen waɗanda aka ba jari.

A nan ne nauyi ya hau kanku, ku akawuna da malaman makaranta. Ku ne kuke riƙe da littattafan kuɗi, ku ne mutanen ƙauye ke kawo wa takarda ku karanta musu. Akawun da ya sa hannu cewa an gama aiki alhali bai je ya gani ba, ya ci amanar garinsu. Malamin da ya gaya wa iyayen yara ranar rajista da wurin da za a yi ta, ya yi wa ƙasa aiki babba ba tare da ya shiga siyasar kowa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gwamnati ta yi nata, ku yi naku, talakawa kuma su riƙa tambaya cikin ladabi. Allah ya ba shugabanninmu ikon cika alkawari, ya kuma sa damina ta yi albarka.