Kwamfutarka da Wayarka Suna Aiki, Kamfani Kuma Ya Ce Wa'adinsu Ya Cika: Mene ne Abin Yi?

 

Ya ɗan'uwa mai karatu, da ke 'yar'uwa, tambaya ɗaya tana ta maimaituwa a 'yan kwanakin nan da lafuzza mabambanta. Wani ya ce kwamfutarsa tana nuna masa saƙo cewa an daina kula da manhajar da take tafiya a kanta. Wata ta ce WhatsApp ya daina buɗewa a wayar mahaifiyarta alhali wayar lafiyarta lau. Shin wajibi ne a sayi sabuwa, ko kuwa wannan dabara ce ta 'yan kasuwa? Amsar ba za ta fito daidai ba sai mun fahimci abin da ya faru tukuna.

Abin da ya faru

A ranar 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya dakatar da kula da Windows 10, manhajar da ya fitar tun watan Yuli na 2015. Ma'anar haka ita ce ya daina aiko mata da gyare-gyaren tsaro na kyauta da ya saba aikowa duk wata. Kwamfutar ba ta mutu ba, za ta kunnu, za ta yi rubutu, za ta shiga intanet. Sai dai duk wata ɓaraka da aka gano a cikinta daga wannan rana, ba za a toshe ta ba ga wanda bai shiga shiri na musamman ba.

Kamfanin ya ce a koma Windows 11. To amma Windows 11 tana da sharuɗɗa, daga ciki akwai wani ɗan sashe na tsaro da ake kira TPM 2.0, da kuma ƙwaƙwalwar sarrafawa ta baya-bayan nan. Akasarin kwamfutocin da aka ƙera kafin 2018 ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Su ne kuwa suka fi yawa a hannun ɗalibai da malamai da masu shagunan buga takardu a ƙasashenmu, domin yawancinsu na hannu ne da aka shigo da su daga Turai da Amurka bayan ofisoshin can sun gama da su.

Haka abin yake a wayoyi. A watan Oktoba na 2023 WhatsApp ya daina aiki a kan wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, a 2025 kuma ya bar iPhone 5s da iPhone 6. Ka ga ke nan tsufan na'ura a yau iri biyu ne: tsufan jiki, wanda kake gani a batir da allo, da tsufan manhaja, wanda ake yanke hukuncinsa a wani ofis mai nisa ba tare da an tambaye ka ba.

Shin barazana ce kawai?

A'a. Adalci ya sa mu faɗi cewa haɗarin gaskiya ne. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu a ƙasashe sama da 150, tana kulle bayanan mutane tana neman fansa. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke ganin dubban marasa lafiya saboda ita. Abin lura shi ne an riga an fitar da gyaran wannan ɓaraka tun watan Maris na shekarar, waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sanya gyaran ba. Kwamfutar da aka daina kula da ita kuwa, ko mai ita ya so ya sanya, babu gyaran da zai zo masa.

Amma adalcin dai ya sa mu faɗi ɗaya ɓangaren. Kamfanoni suna cin riba ne idan ka sake saye, kuma an taɓa kama wasunsu da abin da bai dace ba. A watan Disamba na 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone idan batirinsu ya yi rauni, ya ce don kada su riƙa mutuwa ba zato. Laifin da hukumomi suka gani shi ne ɓoye wa masu saye. Mutum yana ganin wayarsa ta yi nauyi sai ya sayi sabuwa, alhali canjin batir kaɗai ya ishe shi. Faransa ta ci kamfanin tarar Yuro miliyan 25 a 2020 a kan haka. Kafin nan, a 2018, Italiya ta ci tarar Apple Yuro miliyan 10, Samsung kuma Yuro miliyan 5, a kan sabuntawar da ta raunana tsofaffin wayoyi.

Hujja mafi ƙarfi cewa gajeren wa'adi ba dole ba ne ita ce abin da ya biyo bayan matsin lamba. Google ya yi alƙawarin shekara bakwai na sabuntawa ga Pixel 8 a 2023, Samsung ya yi irinsa ga Galaxy S24 a farkon 2024. Tarayyar Turai kuma ta fara aiki da doka daga 20 ga Yuni, 2025, wadda ta wajabta a ci gaba da sabunta manhajar waya aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurinta, a samar da kayan gyaranta shekara bakwai, batirinta kuma ya jure caji 800 yana riƙe da kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Abin da aka daɗe ana cewa ba zai yiwu ba, da doka ta zo sai ga shi ya yiwu.

Inda abin ya fi shafarmu

Wannan doka ta Turai ce, ba ta kare mai saye a Kano ko Maraɗi ko Kumasi. Dogon alƙawarin nan kuma ya fara ne da wayoyi masu tsada. Masu araha, waɗanda su ne a hannun mafi yawan jama'a, galibi wa'adin kula da su ya fi gajarta. Ga shi tun da aka saki darajar Naira a watan Yuni na 2023, Dala ta tashi daga wajen Naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, farashin duk abin da ake shigowa da shi ya bi ta. Wanda a da yake canja waya bayan shekara biyu, yanzu sai ya yi lissafin abinci da kuɗin makaranta tukuna.

Akwai kuma abin da ake jin tsoro: duk lokacin da aka ayyana wasu na'urori a matsayin tsofaffi a ƙasashen masu arziki, hanyarsu ta gaba ita ce kasuwanninmu. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a 2022, kuma ƙasa da kashi ɗaya cikin huɗu ne aka tattara aka sarrafa ta hanyar da ta dace. Wanda ya san Agbogbloshie a birnin Akra kafin a rushe wurin a 2021, inda samari, da yawansu daga arewacin Ghana, suke ƙona wayoyin wuta don ciro tagulla suna shaƙar hayaƙin, ya san a jikin wa wannan sharar take ƙarewa.

Tsakanin almubazzaranci da sakaci

A nan ne lamarin ya taɓa addininka, ta fuska huɗu.

Na farko, dukiya amana ce, kuma za a tambaye ka yadda ka kashe ta. Jefar da waya mai aiki don kawai an fitar da wata mai kyamara huɗu, ko don kada a raina ka a wajen biki, wannan shi ne almubazzarancin da aka hana. Bikin ƙaddamar da sabuwar waya da ake yi duk shekara talla ne, ba shi ke nuna cewa taka ta gaza ba.

Na biyu, abin da ke cikin na'urar ma amana ne. Idan kai ma'ajin masallaci ne, ko kana riƙe da sunayen marayu, ko takardun marasa lafiya, ko hotunan iyalinka, ko kana tura kuɗin mutane da wayarka, to barin waɗannan a na'urar da ka san ƙofarta a buɗe take sakaci ne. Wanda ya kashe kuɗi don ya kare haƙƙin mutane bai yi ɓarna ba.

Na uku, hanyar saye. Yanzu an yawaita tallan ɗaukar waya a biya kaɗan-kaɗan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta halatta sayarwa da ƙarin farashi saboda jinkirin biya, muddin an tsayar da farashi ɗaya a lokacin ƙulla ciniki, ta kuma haramta ƙara wani abu a kan wanda ya makara wajen biya, domin wannan riba ce. Don haka ka karanta takardar kafin ka sa hannu. Shin mai kayan ne yake sayar maka, ko wani kamfani ne yake ba ka rancen kuɗi da ruwa? Shin akwai tarar da take hauhawa idan ka makara? Idan abin ya shige maka duhu, kai wa malamin da ya san mu'amala takardar.

Na huɗu, idan kai ne mai sayarwa. Kwamfutar da ba za ta ɗauki Windows 11 ba, ko wayar da aka daina sabuntawa, wannan abu ne da yake rage mata daraja, kuma da mai saye ya sani da ya rage farashi ko ya fasa. Ɓoye masa shi yana shiga babin algus. Ka faɗa masa, ka sayar da farashin da ya dace, Allah ya sa albarka a ɗan abin da ka samu.

Matakan da za ka iya ɗauka

Idan kana kan Windows 10, fara da dubawa ko kwamfutarka ta cancanci Windows 11, domin komawar kyauta ce ga wadda ta cancanta. Idan ba ta cancanta ba, Microsoft ya buɗe shirin ƙarin gyaran tsaro ga ɗaiɗaikun mutane har zuwa 13 ga Oktoba, 2026, ana shiga da Dala 30 ko kuma kyauta ta hanyar haɗa saitin kwamfutar da asusun Microsoft. Wannan jinkiri ne na shekara ɗaya kawai. Mafita mai ɗorewa ga tsohuwar kwamfuta ita ce a sanya mata Linux, kamar Ubuntu ko Linux Mint, waɗanda kyauta ne, ana ci gaba da kula da su, kuma sun wadatar ga rubutu da karatu da shiga intanet. Ka kwafe bayananka a wani wuri kafin a taɓa komai. Wadda kuwa ba a haɗa ta da intanet, kamar ta buga takardu kawai, haɗarinta kaɗan ne idan ana kiyaye abin da ake soka mata.

A waya, shiga wajen saiti, sashen bayanin wayar, ka duba kwanan watan gyaran tsaro na ƙarshe. Idan ya daɗe ƙwarai, ka cire manhajar banki daga cikinta, ka bar ta ga kira da sauraron karatu. Idan matsalar saurin ƙarewar caji ce, gwada canjin batir wajen mai gyara amintacce kafin ka yi maganar sabuwa. Ranar da za ka saya kuma, ka tambayi shekara nawa za a ci gaba da sabunta ta kafin ka tambayi kyamara, ka raba farashin a kan waɗannan shekaru, sannan za ka san wadda ta fi araha da gaske. Tsohuwar kuma ka goge duk abin da ke cikinta, ka ba wanda za ta amfana ko mai gyara ya ciri abin da yake da amfani, kada ta ƙare a juji ko a wuta.

Allah ne Mafi sani.