RA'AYINMU: Masu zuwa karatun gini a waje, wa za ku gina wa?

Unguwar Lazare ta san darajar wurin sa haƙarƙari. A nan ne aka tsugunar da dubban bayin Allah da farin 1973 da 1974 ya koro daga arewacin Nijar da Mali. Sansanin ya tashi, unguwa ta kafu, amma matsalar muhalli ba ta bar Yamai ba. Ƙidayar 2012 ta nuna birnin ya haura mutum miliyan guda, kuma har gobe ƙaramin ma'aikaci da ɗan tireda na kwana da zullumin kuɗin haya.

Saboda haka muna maraba da iyayen da ke tura ƴaƴansu waje koyon tsara birane da harkar gina gidaje, ko a makarantar EAMAU ta Lome, ko a Maroko, Faransa da Amurka. Hujjarsu ita ce yaro zai dawo da digiri, ya kuma dawo da sanayya. Gaskiya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mai gina rukunin gidaje yana bukatar mai zane, injiniya, lauya, da bankin da zai yi haƙurin shekaru. Irin wannan kuɗi mai dogon zango yana hannun cibiyoyi kamar Shelter Afrique da aka kafa a Nairobi a 1982, da asusun CRRH na ƙasashen UEMOA da ke Lome, wanda ke ƙarfafa bankuna su ba da bashin gida. Wanda bai san ƙofofin nan ba, bai kuma iya harshensu ba, zai ƙare a dillancin filaye.

Sai dai sanayya iri biyu ce. Mun ga mai amfani. Mariam Issoufou Kamara ta yi karatu a Jami'ar Washington, ta haɗa kai da abokan da ta samu a can, suka gina gidaje shida na Niamey 2000 da tubalin ƙasa da aka matse, aka kammala a 2016. Ilimin daga waje ya zo, amma ƙasar da magina na gida ne, ɗakunan kuma sun fi na siminti sanyi.

Ɗayar kuwa mun daɗe da saninta: sanayyar da ake yanka fili da ita. Ita ce ta cinye wani sashe na dajin nan da aka fara dasawa a 1965 don ya kewaye Yamai ya tare mata iska da ƙura. Ita ce ke sa a sayar da fili a hanyar ruwa, sai ambaliya irin ta 2020 ta zo talaka ya kwashi kayansa a ka. Idan abin da yaro zai ƙaro ke nan, an yi asarar guzuri.

Kiranmu uku ne. Ga ƴan kasuwar da ke biyan kuɗin makaranta: ku tambayi ƴaƴanku nawa gidan da suka koyo zai tsaya, kuma ko malamin makaranta zai iya biya daga albashinsa. Ga hukumar ANAB mai ba da tallafin karatu: duk wanda ya ci kuɗin jama'a ya dawo ya yi wa jama'a aiki na wasu shekaru, a SONUCI ko a ma'aikatar magajin gari. Ga Bankin Muhalli na Nijar da aka buɗe a 2018: ya saurari matashin da ya zo da tsari mai kyau, ko da ba shi da uba a gindin murhu.

Ɗaliban kuma su tuna cewa zumunta a ƙafa take. Kafin su tara adireshin Farisa da Kasabalanka, su taka zuwa Lazare su san maginanta, masu buga bulonta da masu hayarta. Waɗannan ne za su yi wa digirinsu hukunci.