FILIN MOTOCI: Ɗora Ɗakin Kwana a Bayan Tsohuwar Motar Soja

A wannan mako za mu leƙa ƙasar Amurka, inda wasu ma'abuta yawon daji kan sayi tsofaffin motocin soja, su ɗora musu ɗakin kwana a baya. Shi wannan ɗaki akwati ne mai gado da murhu da tankin ruwa, wanda ke tsaye bisa ƙafafu huɗu masu jak. Direba kan yi baya-baya da a-kori-kura har bodinta ya shige ƙarƙashin ɗakin, sa'an nan a sauke shi a hankali, a ɗaure.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne sunan soja. Da zarar an ce motar yaƙi ce, sai a ɗauka babu kayan da za su gagare ta. To, ba haka al'amarin yake ba. Dubi Dodge M37, wadda aka ƙera daga 1951 zuwa 1968. Kayan da aka ƙayyade mata a hanyar daji kashi uku ne cikin huɗu na tan, wato kimanin kilo 680. Ita kuwa Chevrolet M1008, ta shekarun 1984 zuwa 1987, mai injin dizal lita 6.2, ajinta tan ɗaya da kwata ne. Alhali kuwa akwai ɗakunan da nauyinsu ya zarce tan guda tun ba a zuba musu komai ba. Ga ruwa, wanda kowace lita kilo guda ce, ga tukunyar gas, ga abinci, ga mutanen da za su shiga. Saboda haka mai hankali kan fara hawa sikeli da motarsa, ya auna gaba daban, baya daban, kafin ya je ciniki. Dokar Amurka ta wajabta wa masu ƙera ɗakunan su manna takardar da ke nuna nauyinsu, sai mai saye ya gwada lissafin biyu.

Bayan nauyi sai mazauninsa. Kowane ɗaki yana da cibiyar nauyi, kuma dole ne ta faɗa gaban layin tayoyin baya. Idan ta zarce baya, gaban mota zai yi sakayau, sitiyari ya daina jin magana, birki ya rage ci. Ɗakin kuma dogo ne, yana jan mota gefe a kan kwana ko cikin iska mai ƙarfi. Wannan ba ƙaramin hatsari ba ne ga M37, wadda birkinta na tsohon yayi ne, irin na ganga, a dukkan ƙafafu huɗu.

Sai batun awo. An ƙera ɗakunan ne domin a-kori-kurar farar hula, mai faɗin kimanin ƙafa huɗu tsakanin rumfunan tayoyin baya. A nan M1008 ta yi dace, domin bodinta mai tsawon ƙafa takwas na farar hula ne da aka shafa wa fentin soja. Bodin M37 kuwa ya fi gajarta, ga bencinan sojoji, sai an cire wasu abubuwa, a shimfiɗa dakalin katako, a kuma tabbata goshin ɗakin bai taɓa rufin direba ba. Ɗauri kuma a jikin shasi ake yinsa, wuri huɗu, ba a jikin kwanon bodi da tsatsa ta ci ba.

Na ƙarshe shi ne wuta. Kayan ɗakin na bolt 12 ne, M37 kuwa bolt 24 take amfani da shi, daga batir biyu. Wanda ya ja waya kai tsaye zai ƙone fitilu da famfon ruwa. Wanda kuma ya ja daga batir ɗaya zai kashe shi tun kwanansa bai kai ba. Maganin abin shi ne a sa na'urar rage ƙarfin wuta tsakani.

Hausawa sun ce daidai ruwa, daidai tsaki. Wanda ya ƙwallafa rai a kan M37, sai ya nemi ƙaramin ɗaki marar nauyi, irin wanda ake ɗaga rufinsa in an yada zango. Wanda kuma babban ɗaki yake so, to ya nemi babbar mota. Sai mun sadu a mako mai zuwa.