Yaron Da Ya Yi Laifi Ɗan Wa Ne?

Jama'a, ga tambayar da ya kamata shugabannin ƙananan hukumomin Wurno da Rabah da Goronyo su amsa mana. Idan aka kama yaro ɗan shekara 14 ya saci albasa a kasuwa, ko yana kai wa 'yan bindiga mai a daji, daga wannan rana ɗan wa ne? Ɗan sanda zai ce nasa kamu ne kurum. Alƙali ya ce nasa hukunci. Ciyaman kuwa ya kaɗe riga, wai wannan aikin Sakkwato da Abuja ne. To, mu ba mu yarda ba.

Gaskiya ne daga 1968 aka raba En'e da 'yan doka da gidajen yari da kotunan alƙalai. Amma ba a raba hukumar gari da 'ya'yan garin ba. Tsarin mulkin 1999 ya lissafa rajistar haihuwa cikin ayyukan ƙaramar hukuma. Ko da Hukumar Ƙidaya ce ke ba da takardar, ai mai unguwa ne ya san gidan da aka yi suna. Wannan takarda ita ce garkuwar yaro. Wanda ba shi da ita, sai a dubi tsawonsa a rubuta masa shekara 18, a jefa shi ɗaki guda da gaggan ɓarayi, alhali dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta hana haɗa yara da manya. Ya shiga da satar albasa, ya fito da ilmin fashi.

Wani zai ce a kai shi gidan horon yara. Ina? Na tarayya da aka sani tun tuni uku ne: Kaduna da Ilori da Abekuta. Wace uwa ce daga ƙauyen Rabah za ta iya kuɗin motar zuwa dubo ɗanta a can?

Doka kuwa ba ta yi ƙaranci ba. Dokar haƙƙin yara ta 2003 ta tanadi kwamiti har a matakin ƙaramar hukuma, Jihar Sakkwato kuma ta yi tata dokar kare yara a 2021. Ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Saura wane uzuri?

Abin da muke nema kaɗan ne. A kafa kwamiti mai hakimi da liman da malamin makaranta da mata, ya riƙa leƙa ofishin 'yan sanda kowane mako, yana rubuta sunan duk yaron da aka tsare. A ware masa kuɗi a fili cikin kasafi. Ƙaramin laifi a yi sulhu gaban iyaye, a biya mai kaya, a danƙa yaron ga mai sana'a ko manomin rani a bakin dam ɗin Goronyo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ku 'yan'uwa ɗalibai 'yan wannan yanki, in kun je hutu ku shiga sakatariya ku nemi a nuna muku kasafin bana. Wurno da Sarkin Musulmi Bello ya raya, da Rabah da ta haifi Sardauna, ba su cancanci a ce sun yar da 'ya'yansu ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah ya shirya mana zuri'a, amin.