Shawarar Malami Ga Almajirinsa

Mu da ake koya wa aikin malanta, ya kamata mu sani aikin bai tsaya ga allo kaɗai ba. Yaro yakan shigo makaranta bai san inda zai dosa ba. Wajibi ne malami ya zauna da shi, ya tambaye shi, ya lura da abin da ya fi iyawa, kana ya ba shi shawara.

Ku dubi Malam Abubakar Imam. Malanta ya koya a Kwalejin Katsina, amma da Dokta East ya ga iya rubutunsa, sai ya jawo shi Zariya, har ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

To, malamanmu, muna roƙo ku keɓe wa kowane yaro lokacin ganawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.